Jar Fitilar da Ke Kamawa a Kwangila

Mijina ya rasu ya bar mini yara biyu, da gidan haya a Samaru, da tsohuwar mota 'yar Kwatano mai ruwan toka. Ba wanda ya yi jayayya da ni a kan yaran, gidan kuwa ba namu ba ne balle a yi. Motar ce ta tsone wa yayansa ido, tun ba a kwashe kujerun zaman makoki ba.

Yaya nake ce masa, kamar yadda marigayi yake kiransa. Tsohon direba ne, ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota a wata masana'anta a Chikaji kafin a rufe ta, kuma tun daga nan bai sake riƙe sitiyari ba sai na aro. Yana zaune a gidan iyali a Muchia tare da mahaifiyarsu, wadda dukanmu muke kira Mama. A zaman da dangi suka yi bayan jana'iza, ya tashi ya ce mota ba tukunya ba ce da za a bar wa mace, gara ta koma gidan iyali inda akwai wanda ya san kanta. Na ce da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa tawa makarantar inda nake koyarwa, kuma shekara shida ina tuƙa ta ban taɓa taka ko kaza ba. Dattawa suka yi irin sulhun da suka saba, wanda ba ya gamsar da kowa. Suka ce a bar mini ita har ranar addu'ar cika shekara, Yaya ya riƙa duba ta, in an ga ba zan iya riƙe ta ba, sai ta koma Muchia. Aka ba kura ajiyar nama, fasto ya rufe da addu'a, kowa ya ce amin.

Duk Asabar nakan je kasuwar Sabon Gari in yi cefanen mako, in biya ta Muchia in gaida Mama, domin haka marigayi yake yi, bai taɓa fashi ba. Ina tsayawa a ƙofar gida Yaya zai fito ya ce in buɗe masa bonet. Ni in shige ɗakin Mama da ɗan busasshen kifin da na sayo mata, shi ya tsaya kan motar. In na fito sai in tarar ya rufe, yana goge hannu da tsumma yana girgiza kai, wai shi ya ga abin da ya fi ƙarfin ya faɗa wa mace. Tun ranar farko ya kwashe wasu tarkace daga but ɗin bayan motar, har da wata kwalba da aka naɗe a tsohuwar singileti, ya ce kayan maza ne, ba ruwana da su. Ban kula ba, lokacin ko abinci da ƙyar nake ci.

A wata na takwas fitilar ta fara. Ja ce, a dashbod, wadda take kamawa in an ja birkin hannu, ta mutu in an sake shi. Ina komawa Samaru da yamma, na sha kwanar Kwangila, sai ta kama. Kafin in miƙe hanya ta mutu. Na ce ko idona ne, domin a wannan shekarar idona ya sha nuna mini abin da babu. Bayan kwana biyu ta sake kamawa a kan tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, gab da kasuwar Samaru, ta ƙifta sau biyu ta ɗauke. Daga nan ta mai da abin sana'a. Sai ta yi kwana uku shiru, ranar da na manta da ita ta leƙo.

Na yi wautar gaya wa Yaya. Dama mai neman kuka ne, na jefe shi da kashin awaki. Ya ce ai shi ya sani, ina tuƙi ne ban gama sakin birkin hannu ba, haka mata suke yi, hankalinsu na kan miya. Na haɗiye maganar don Mama na jin mu ta taga. Ya shiga gaba ya zauna a mazaunin marigayi na da, ya ce mu je wurin bakanikensa a bayan kasuwa.

Bakaniken abokinsa ne tun suna samari, mutum ne mai tumbi da yawan dariya, irin wanda zai amsa gaisuwarka yana kallon wanda kuka zo tare. Ya karɓi makulli, muka zagaya unguwa sau biyu a hankali kan miƙaƙƙiyar hanya, fitila ta yi lamo kamar ba ta taɓa kamawa ba. Ya buɗe bonet, ya ɗan tsiyaya wani mai a wata 'yar roba fara, ya ce man birki ne ya ɗan yi ƙasa, ba wani abu ba ne. Sannan ya juya ya ce wa Yaya, ba ni ba, wai Malama ta rage kallon dashbod ta riƙa kallon hanya. Suka yi dariya su biyu.

Fitilar ta yi mako uku ba ta dawo ba, har na fara cewa ko na zalunci mai tumbi a raina. Sai wata Talata, a kwanar nan dai ta Kwangila, ta kama. Muka koma garejin, Yaya na gaba yana huci wai ina ɓata masa lokaci. Na tambayi bakaniken ko man ne ya sake yin ƙasa. Ya leƙa daga tsaye, ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce mai na nan. Ya ce waya ce, tsohuwar mota haka take, wayoyinta sun gaji kamar jijiyar tsoho. Ya ɗauko baƙin salatif, ya yanka da haƙori, ya manne a kan fitilar, ya danna da babban yatsa.

"Shi ke nan, Malama. Abin da ido bai gani ba, ba ya tada hankali."

Na kalli Yaya, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan babbar mota, ina jiran ya ce wani abu. Ya ce haka ake yi, su ma a kamfani haka suke yi.

Abin da har yau nake jin haushin kaina a kai shi ne na bar salatif ɗin. Na gaji da zama abin dariya, na gaji da jar fitilar kanta, kuma in na faɗi gaskiya na ji daɗin daina ganin ta. Na yi wata ɗaya da 'yan kwanaki ina tuƙi da baƙin tabo a gabana kamar motar ta yi ciwon ido.

Ranar wata Juma'a da rana, na ɗauko yara daga makaranta muka shiga Sabon Gari karɓo ɗinki. Gab da hanyar jirgi mota ta tsaya a gabana, na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Na saki na sake takawa, na sake, a na uku ya kama, amma kafin nan na karkata gefe na bugi baron wani mai rake. Rake ya watse a titi, mutumin ya yi tsalle ya tsira, 'yata ta buga goshi a bayan kujera. Ba jini, ba karaya. Na fito ina tattara rake da hannuna ina ba shi haƙuri, 'yan kallo na ta ba ni shawara da Hausa da Turancin kasuwa, kowa ya zama direba. Muka isa gida a giya ta biyu, hannuna na kan birkin hannu.

Labari ya riga ni isa Muchia. Kafin Lahadi Yaya ya bi dangi gida gida, har da waɗanda ke ƙauye ya buga musu waya, wai na kusa kashe 'ya'yan ƙanensa, wai shi tun farko ya faɗa. A coci wata gwaggonsu ta riƙe hannuna bayan sujada ta ce in yi haƙuri in ba da motar, rai ya fi ƙarfe. Saura mako shida addu'ar cika shekara, kuma na ga alamar an gama yanke hukunci tun kafin a zauna.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wani dattijon bakanike a Chikaji, mai gareji a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, bayan wata masana'anta da ta daina aiki. Ban gaya wa kowa ba na je. Siriri ne, ba ya dariya, bai ma yi mini maraba sosai ba. Ya leƙa cikin motar, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin, ya tambaye ni wane maƙiyina ne ya manna. Fitilar na nan ja zur, ba ta ƙiftawa ma yanzu. Sannan ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini: a ina da ina take kamawa tun farko? Na ce a kwana, da kan tudu, wani lokaci in na taka birki da ƙarfi.

Ya kai ni gaban motar ya nuna mini 'yar farar robar. Ya ce a cikinta akwai wani ɗan abu da ke yawo a saman mai, irin na tankin ruwan bayan gida. In mai ya cika, yana sama, fitila na barci. In mai ya yi ƙasa kaɗan, sai an sha kwana ko an hau tudu man ya karkata gefe, abin ya nutse, fitila ta kama, man ya dawo daidai ta mutu. Ya ce fitilar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ko sau ɗaya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na juya na yi kamar ina gyara ɗankwali.

Ya yini a kan motar. Ya ɗaga ta da jak ya kwance ƙafafu huɗun, ya nuna mini takalman birki, ya ce da sauransu, ba su cinye ba. Ya bi bututun mai ɗaya bayan ɗaya da farin tsumma, tsumma ya fito a bushe. Ya ɗaga shimfiɗar ƙarƙashin fedar birki ya shinshina. Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙarƙashin motar, ya sa ni na yi ta taka birki har cinyata ta yi tsami, ko ɗigo bai sauka ba. Daga ƙarshe ya fitar da iskar da ta shiga bututun, ya cika robar har layi, ya tsaya yana kallon gefen bonet. Ya nuna mini wasu ƙananan tabo inda fenti ya kumbura ya ɗaye, a jere, daga wajen robar zuwa gefen motar.

"Man birki ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. In ya ragu, ko takalmi ya cinye, ko yoyo, ko hannun mutum. Biyun farko na duba babu. Wa ke buɗe wannan murfin?"

Bai jira amsa ba. Ya ce in yi wa man alama in riƙa dubawa kullum a wuri ɗaya.

Aikin malanta ya yi mini rana. Na manna farar filasta a bayan robar, ta inda mai tsayuwa a gaba ba zai gani ba, na ja layi da jan biron da nake duba jarrabawa. Kowace safiya kafin yara su gama karin kumallo nakan ɗaga bonet in duba. Litinin yana kan layi, Talata yana kan layi, har safiyar Asabar bai motsa ba. Safiyar Lahadi ya sauka da faɗin farce. Na ja sabon layi. Mako na biyu ma haka, kwana shida cif, Lahadi ya sauka. Biri ya yi kama da mutum, amma na kasa gane me mutum zai yi da man birki, in ba so yake ya ga gawata ba.

Asabar ta uku na shiga ɗakin Mama kamar kullum, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kifi. Sai na ce na manta tattasai a mota. Na bar takalmana a bakin ƙofarta na fita a hankali. Yaya na sunkuye a cikin bonet, ya ba ni baya. Murfin robar na ajiye a gefe, hannunsa na dama riƙe da ƙaramin cokalin shayi, na hagu da 'yar kwalbar maganin tari. Ina tsaye ya ɗebo na biyu, ya ɗiga a kan fenti a hanya, ya juye a kwalbar.

Na sa hannu na zare cokalin. Ya juyo.

"Yaya, abin da kake duba mini ke nan duk Asabar?"

"Cokali biyu ne fa. Cokali biyu me zai yi wa motan nan?"

Na ce ya tambayi mai rake, ya tambayi goshin 'yar ƙanensa. Na ce shekara nawa ya yi yana tuƙi, bai san abin da jar fitila ke nufi ba, ko kuwa ya sani ne shi ya sa ya tsaya ana manna salatif? Muryata ta tashi har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, kuma ban damu ba, na so duk Muchia ta fito. Sai na ji Mama na kirana daga ɗaki, da ƙaramar muryar nan tata da ba a iya ƙi.

Na tarar ta ɗage zani zuwa gwiwa. Ban taɓa ganin ƙwaurinta ba, kullum a rufe yake. Kirci ne ya cinye shi daga idon sawu zuwa sama, fatar ta yi baƙi ta tsattsage tana sheƙi da maiƙo. Ta ce ita ce take sa Yaya, kada in ga laifinsa. Ta ce shekara bakwai ke nan man birki kaɗai ke kashe mata ƙaiƙayin, kuma ba na kwalba ba, na kwalba ɗanye ne, sai wanda ya zaga cikin mota ya sha zafi. Ta ce mijina ne yake ɗebo mata duk Asabar, ya shafa mata da hannunsa, sannan ya koma ya cika robar daga kwalbar da yake ajiyewa a but.

Na zauna a ƙasa. Shekara shida mijina yana shafa wa uwarsa abin da ke cin fenti, bai taɓa gaya mini ba, don ya san da na ji sai mun kwana muna faɗa kuma sai na kai ta asibiti. Na ji haushinsa kamar yana raye, na kuma ji kewarsa a lokaci guda.

Mama ta ce, "Ai na ce wa wansa ya riƙa mayarwa kamar yadda ƙanensa ke yi. Ya ce mini yana mayarwa."

Yaya na tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na tambaye shi ina kwalbar da ya ɗauka a but. Da zan fita na hango ta a kan tagar ɗakinsa, har yanzu a naɗe cikin singiletin mijina, ƙura ta hau kanta. Taku goma ne tsakaninta da inda nake ajiye mota.

Kafin in tafi Mama ta riƙe mini zani. Ta ce ta san an cuce ni, amma don Allah kada in tona shi a gaban dangi. Ta ce biyu ta haifa maza, ɗaya na ƙasa, wannan kaɗai ya rage mata, in aka kunyata shi a taro ita aka kunyata. Na ce na ji. Na kuma ce Litinin za ta shirya mu je asibiti, kuma ko ɗigon man birki ba zai sake taɓa ƙafarta ba. Ta yi gunaguni amma ta yarda. Cokalin kuwa na jefa shi a jakata.

Ranar addu'ar cika shekara, bayan an tashi daga coci an ci abinci, aka zauna a tsakar gidan Muchia. Babban dattijon iyali ya ce Yaya ya faɗi abin da ya gani game da mota. Ya tashi, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya, na ga alamar har yanzu yana ganin zai iya. Sai na buɗe jaka na ciro cokalin shayin, na ɗora a kan gwiwata ina goge shi da bakin gyale a hankali. Ba wanda ya lura sai shi da Mama. Ya tsaya, ya ce ya yi tunani, ya yi addu'a, ya ga ya kamata a bar wa marayu motar ubansu.

Tsakar gida ta ɗauki tafi. Gwaggon nan ta yi guɗa, fasto ya ce ga misalin ɗan'uwa na gari, dattijo ya ce ba kowa ne zai ga haƙƙinsa ya bari ba. Sannan aka juyo kaina aka ce in gode masa. Na kalli Mama, ta sunkuyar da kai. Na durƙusa a gaban mutumin da ya tsaya yana kallo ana rufe mini fitila, na ce na gode, Yaya. Ban taɓa faɗin kalma mai ɗaci kamar wannan ba, kuma don tsohuwar nan kaɗai na faɗe ta.

Ƙafar Mama ta yi sauƙi da maganin asibiti, ko da yake har yau tana cewa na mota ya fi saurin kashe ƙaiƙayi. Ina zuwa duk Asabar da kifinta, amma nakan kulle motar in shiga da makulli a hannu. Ni da Yaya gaisuwa ce kawai, ita ma in da mutane. Fasto ya yi mini wa'azin gafara sau biyu, na ce ina kan hanya, ban dai iso ba.

A daminar da ta wuce ina dawowa daga Sabon Gari, ruwa na zuba, na hango shi tsaye a Kwangila yana jiran motar haya, ya rufe kai da leda. Ya gane motar tun daga nesa, ya ɗaga hannu, har ya tako zuwa bakin kwalta. Kujerar gaba ba kowa. Na duba dashbod, ba wata fitila da ta kama. Birkin lafiya lau yake, ni ce ban taka ba.